FILIN MOTA DA MAKANIKE: Tsohuwar Mota Mai Gudu, Daga Ƙasa Ake Fara Gyaranta

A fitowar da ta wuce na yi muku alkawarin maganar lagireto da zafin bazara. To ku yi mini afuwa, wani abu ya faru a cikin gidana da ya sa tilas na jingine waccan magana sai wani jiƙon.

Ɗan ƙanwata ne ya sayi mota. Shekara huɗu yaron nan yana kabu-kabu da babur a cikin Garwa, daga Yelwa zuwa Pumpumre, daga babbar kasuwa zuwa Jambutu, cikin rana da ƙura, yana zubin adashi. Da ya kwashi nasa sai ya sayar da babur ɗin ya cika, sai ga shi a ƙofar gidana da wata 'yar jar Peugeot 205 GTI, mai injin 1.6, wadda ta girme shi nesa ba kusa ba. Na fito na zagaya ta, na sa albarka, na ce masa kafin ya kashe mata ko dala ya kai ta a ɗaga ta a duba ƙarƙashinta. Ya ce, "To, Kawu." Kun dai san irin "to" ɗin yaran yanzu.

Bayan mako biyu na sake ganinta. An yanke sifirin ɗin gaba an sauke ta har cikinta yana neman shafar ƙasa, an sa mata manyan ƙafafu masu ƙyalli da taya marar tsoka, an fasa salansa tana ruri kamar jirgi zai tashi. Ita kuwa lamba biyu, tun ran da ya saye ta in ya sa sai ta yi ƙara kamar ana niƙa tsakuwa. Ya kai wa wani makanike, wanda ba zan faɗi sunansa ko unguwarsa ba, ya ce masa ai buɗe akwatin giya ɓata lokaci ne, a sayo na Beljik kawai a ɗaura. Aka sayo, aka ɗaura, ƙara ta ɗauke. Amma fa tun daga ranar motar ta zama kamar mai jin barci. Ya kwashi abokansa uku za su biki Ngaundere, da suka kai hawan dutsen nan na falez sai da ya yi ta komawa ƙananan lambobi, har wata tsohuwar Hiace cike da fasinja ta wuce su tana musu oda. A hanyar dawowa kuma, kafin Ngong, ya faɗa wani rami, kwanon baƙin mai ya bugi bakin kwalta ya tsage. An yi sa'a ya ga jar wuta ya kashe injin nan take. Da igiya aka jawo ta gida.

Ba don in tona asirin yaro na kawo wannan labari ba, shi da kansa ya ce in rubuta. Dalili shi ne irin waɗannan ƙananan motoci masu zafi suna da yawa a hannun samarinmu, daga Garwa har Gidar da Marwa: su 205 GTI, da Golf GTI, da Starlet mai turbo, da tsofaffin Corolla. Manya za su tuna yadda suka shigo mana. A ranar 12 ga Janairun 1994 aka karya darajar sefa, faran ɗaya na Faransa da ake saye sefa 50 ya koma 100. Dare ɗaya sabuwar mota da sabon kayan gyara suka ninka kuɗi, jama'a suka koma ga kwancen Turai, wanda mutanen kudu suka laƙaba wa suna konjele, wato daskararre, kamar kifin firji. A sauke su a tashar jiragen ruwa ta Duwala, su hauro arewa, mu yi rububinsu. Peugeot ta fito da 205 a 1983, GTI ta biyo baya a 1984, aka daina ƙera GTI a 1994. Tsohuwar Starlet kuwa a 1999 Toyota ta rufe ta. Ke nan duk 205 GTI da ka gani a titi yau ta haura shekara 30, kuma an ƙera ta ne don titin Faransa. Wanda ya zana ta bai taɓa ganin hanyar Poli da damina ba.

Samari suna son kafa hujja da cewa ai motar tsere ce, dole a sauke ta ƙasa. Gaskiya ne, danginta sun yi tsere. Wadda ake kira 205 Turbo 16 ta ci gasar rali ta duniya a 1985 da 1986, ta kuma ci tseren Paris zuwa Dakar a 1987 a hannun Ari Vatanen, da 1988 a hannun Juha Kankkunen, dukansu mutanen Finlan. Sai dai waccan kamanni kawai ta haɗa da ta ɗan ƙanwata, don injinta a bayan direba yake, kuma ƙafa huɗu take ja. Bugu da ƙari, ku nemi hoton wadda ta ratsa hamadar Nijar ta bi ta Agadas, ku duba da kyau. Ɗaga ta aka yi, aka ƙara mata tsawo, aka sa mata taya mai tsoka. Haka nan uwarsu 504, wadda ta ci gasar Safari ta Kenya da ta Bandama a Kwaddebuwa a 1975, shekarar da masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara aiki. Abin da ya sa direbobinmu suka ƙaunace ta shi ne tsayinta daga ƙasa da yadda ƙafafunta ke lanƙwasa su shanye gargada. Masu sauke mota suna kwaikwayon masu tsere a kan shimfiɗaɗɗiyar kwalta ne, mu kuwa kwaltarmu ma sai a hankali.

To, na ɗauki yaron da motarsa na kai su wurin wani dattijo da ya koyi aiki tun zamanin 404, wanda ya yi shekaru yana gyara mini tawa. Tambayarsa ta farko ita ce, "Ina tsohon akwatin?" An ci sa'a ba a sayar wa 'yan gwangwan ba, yana nan yashe a bayan gareji. Dattijo ya leƙa ƙarƙashin mota ya goge lambar da ke jikin na Beljik ɗin, ya yi murmushi, ya ce, "Yaro, an ɗaura maka na mai gazuwal." Ashe abin da ya kashe motar ke nan. Injin gazuwal a hankali yake juyawa, ƙarfinsa a ƙasa yake, saboda haka aka yi masa giya mai dogon taki. Injin GTI kuwa sai ya yi sama yake samun ƙarfinsa, yana son giya gajeru masu bin juna kusa da kusa. Ramukan kusoshi sun yi daidai, shi ya sa wancan makanike ya ɗauka ai shi ke nan ya shiga. Shiga kam ya shiga, kamar yadda takalmin wanka zai shiga ƙafarka, amma je ka yi gudu da shi. Sayen akwatin giya a rufe, ba ka ji kukansa a mota ba, ba ka karanta lambarsa ba, cinikin biri ne a sama.

Bari in tsaya a nan in faɗi abin da na koya a kwana ukun da na yi ina zama a garejin nan, don na tabbata zai amfani wani.

Kafin a kai ga sauke akwatin giya, wanda makanikan nan ke kira buwat, mutanen Yola da Mubi kuwa su ce giyabos, akwai abubuwa masu arha da ya kamata a fara dubawa. Wayar kuloci tana nan: in ta saki, kuloci ba ya rabuwa sosai, sai lambobi su riƙa ƙara, musamman ribas da lamba ɗaya. Akwai sandunan da ke tsakanin hannun giya da akwati, waɗanda kawunansu ke cinyewa har hannun giya ya riƙa lilo kamar muciya a tukunya. Akwai kuma robobin da injin ke zaune a kansu, in sun yage injin ya riƙa tsalle, giya ta riƙa fita da kanta a kan gargada. Dattijon ya ce akwatuna da yawa an sauke su a banza, alhali ciwon yana waje.

In an duba waɗannan ba a ga komai ba, sai a tsiyaye man a cikin farin kwano a fita da shi rana, a zura maganaɗisu. Baƙin gari mai laushi kamar kwalli ba abin tsoro ba ne, tsufa ne. Ƙyalli-ƙyalli kamar zinariya yana nuna zoben sinkuro ne ke narkewa, don a yawancin akwatuna na tagulla ne. In kuwa ka ga guntayen ƙarfe kamar tsakin gero, to haƙori ya karye ko boris ya fashe, kada ka ƙara tuƙa motar ko zuwa bakin gada. Shi wannan sinkuro, ga wanda bai sani ba, wani zobe ne da ke kama gefen giya ya daidaita gudunta da na sandarta kafin haƙora su shiga juna. Ku dubi yaron mota in zai hau mota tana tafiya, ai sai ya fara bin ta da gudu har ya yi daidai da ita sannan ya kama ƙofa. In zoben ya shafe, haƙora sai su yi karo, shi ne ƙarar da kake ji. Lamba biyu ta fi kowace saurin cinyewa don ita ta fi shan wahala a cikin gari, balle a hannun yaro mai fizgar giya. Kuka kuma mai ƙaruwa da gudun mota, kamar busar iska, galibi na boris ne, wato rulma.

Yadda dattijon nan ya buɗe tsohon akwatin shi ne abin kallo. Bai yarda a buɗe shi a tsakar gareji ba, sai a cikin ɗaki, ƙofa a rufe, a kan tebur da aka shimfiɗa wa buhu mai tsabta. Ya ce ƙurar hunturu ɗaya in ta kwanta a kan boris mai danshin mai, to ka sa wa akwati yashi da hannunka. Duk abin da ya zare sai ya wanke da kalanzir ya zura a waya bi da bi, kamar mai shirya tsakiya a zare, don kada wani zobe ya juya baya ko wani siririn faranti ya ɓata. Waɗannan siraran faranti su ke daidaita wasan da ke tsakanin ƙarafa, kuma su ne yaran gareji suka fi zubarwa suna cewa ba su da amfani. Boris kuwa da matsi ya fitar da shi, da matsi ya sa sabo, ban ga ya ɗaga guduma a kansa ba ko sau ɗaya. Abin da aka samu a ciki bai taka kara ya karya ba: sinkuron lamba biyu ya shafe, boris ɗaya yana gurzawa, robobin tare mai na bakin kardan sun bushe. Haƙora duk lafiyarsu lau. Kuɗin waɗannan kaya bai kai rabin abin da yaron ya biya na Beljik ba. Tun da akwati yana ƙasa, aka sake faifan kuloci da boris ɗinsa gaba ɗaya, don ba a son a sake biyan kuɗin sauke shi bayan wata uku.

Maganar sayen kaya tana da nata ciwon kai. Wasu a nan Garwa ake samu, wasu sai an aika Kam Yabasi a Duwala, wasu kuma Yola ko Mubi, ko ma Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna. Shawarata ita ce ka ba ɗan aike tsohon ƙarfen a hannunsa, kada ka dogara da suna. Mu nan da sunan Faransanci muka san kaya, su can da na Ingilishi, a tsakani sai a kawo maka abin da ba ka aika ba. Masu 205 kuma su sani akwatin GTI iri biyu ne. Na farko, BE1, ribas ɗinsa yana kusa da lamba ɗaya. Na baya, BE3, ribas ɗinsa yana ƙasan lamba biyar. Ba kowane kayan ciki ne ke shiga ɗaya ya shiga ɗayan ba. A kuma yi hattara da boris ɗin da aka wanke aka mayar cikin sabon kwali. Juya shi a kusa da kunnenka kafin ka biya.

Sai mai. BE3 man giya mai lamba 75W-80 yake sha, kusan lita 2. Amma akwai wata muguwar al'ada a garejinmu, in akwati yana kuka sai a ɗura masa mai kauri irin lamba 140 na gindin manyan motoci, wai don ya yi shiru. Shiru kam zai yi na ɗan lokaci, shi ya sa masu shirin sayar da mota ke son wannan dabara. Sai dai da sanyin safiyar Disamba giya za ta ƙi shiga, sinkuro ba ya iya kama ƙarfe ta cikin mai kamar zuma, kuma ciwon da aka rufe yana nan yana ci. Masu Golf na biyu su ma su saurara. A akwatinsu lamba biyar tana can ƙarshe, ita ce ke fara jin ƙishirwa in mai ya ragu, ga shi kuwa a lamba biyar ake cinye doguwar hanyar Marwa. An kuma san wannan akwati da wani ciwo: ƙusoshin da suka riƙe babban faifan haƙora sukan gutsure su huda jikin akwati daga ciki. Duk wanda ya buɗe nasa, ya sa a cire su a maye da kusoshi masu noti na ƙwarai. Wannan shi ne ƙarin inganci na gaske, ko da yake ba mai ganinsa a titi.

Wani abu kuma da littafin Bature bai damu da shi ba amma mu ya dame mu: ƙetare mayo da damina. Akwatin giya yana da ɗan hancin da yake numfashi ta sama. In ka shiga ruwa da shi yana da zafi, ya huce farat ɗaya, sai ya zuƙi ruwa. Bayan kowace ƙetara mai zurfi ka duba man, in ya koma fari-fari kamar kunun gyaɗa, a zubar a sa sabo a ranar.

Yanzu mu gangara ƙafafu. Na gaba ba su ɗauki lokaci ba, don sifirin da aka yanke ba shi da magani sai juji. Wanda aka gasa da wutar walda don ya sauka ma ya fi muni, ƙarfen ya mutu, wata rana zai karye ba sallama. Muka samo wasu na asali, aka sa sababbin amortisa, waɗanda a Nijeriya ake kira shokazoba, guda biyu tare, don ba a sake ɗaya a bar ɗaya. A nan ma akwai masu huda tsoho su ɗura masa mai su toshe su fesa fenti, ka duba jikinsa da kyau ko akwai tabon walda. Rotul kuma, wato gaɓar da ta riƙe ƙafa da hannunta, a GTI haɗe take da hannun, sai dai a sake duka. Na sha ganin ana dukan rotul da guduma ko a cusa masa guntun roba don ya daina ƙara. Jama'a, wannan ɗan ƙarfe shi kaɗai ya riƙe ƙafar mota. In ya fita kana gudun kilomita 100 a hanyar Figil, ba makanike za a kira ba.

Na baya ne suka ba mu aiki. Da dattijon ya tsaya a bayan motar ya kira mu, ya ce mu dubi tayoyin. Sai ga kawunansu sun karkato ciki kamar ƙafafun mai gwame, ta hagu har ta fara goge jikin mota. Ita 205 ba ta da sifirin mai naɗi a baya, haka ma ƙannenta 206 da 306. Wani bututun ƙarfe ne a gicciye, hannuwan ƙafa biyu suna juyawa a bakinsa a kan boris mai siraran allurai, sannan sanduna biyu na ƙarfe suna murɗewa su ɗauki nauyin mota. In robar da ke tare bakin bututun ta tsufa, ruwa da ƙura su shiga, giris ya bushe, allurai su yi tsatsa su fara cin sandar da suke gudu a kai. Ba ka ganin komai daga waje sai ƙafa ta karkace, ko ka ji ƙas-ƙas a kan gargada, ko bayan mota ya ƙage ya daina lanƙwasa. Gyaran gaskiya shi ne a sauke ƙarfen baya ɗungurungum, a fitar da sandunan da suka ci da matsi, a sa sababbi da sabon boris da roba. Wasu sukan cike wurin da ya ci da walda su goge da dutse. Wannan gyaran gangar Auzinawa ne, don allurai ba sa daɗewa a kan ƙarfen da ba a ƙona shi ya taurara ba. Dattijon ya ƙara wata dabara tasa, ya huda bututun ya sa kan giris, don a riƙa ɗura masa bayan kowace damina.

Daɗin waɗannan sanduna masu murɗewa shi ne bakinsu yana da haƙora, ana iya zare su a mayar a wani haƙori, mota ta sauka ko ta tashi ba tare da an yanke komai ba. A nan ma sai da na ja wa yaron birki, don da ya ji ana iya ɗagawa sai ya ce a ɗaga ta sosai kamar Hilux. A ganina santimita 2 zuwa 3 sun isa. In ka wuce haka, musamman a gaba, kardan zai riƙa aiki a karkace, robarsa ta yage, ƙura ta haɗu da giris ta zama dutsen niƙa, ga mota ta riƙa tangaɗi a kwana. A auna hagu da dama da ma'auni, ban da ido. In motar tana da bawul mai raba ƙarfin birki bisa ga nauyin baya, a sake saita shi, in ba haka ba ƙafafun baya za su kama kafin na gaba. Kuma kusoshin da suka ratsa ta cikin roba, sai an sauke mota ta tsaya da ƙafafunta ake ɗaure su tamau. Wanda ya ɗaure su tana rataye a kan jak ya murɗe robar tun kafin a fita gareji.

Daga ƙarshe muka koma wa ƙafafunta na asali masu inci 14, aka sa sabon kwanon mai, aka yi masa garkuwa da farantin ƙarfe mai huji-huji don iska ta ratsa, kun dai san zafin Garwa a watan Afrilu. Aka kai ta aka daidaita ƙafafun gaba, sannan ta je bizit teknik ta wuce. Kuɗin duk wannan aiki sai da ƙanwata ta sayar da ragunanta biyu da take turke, abin da har yanzu ba ta daina yi mini gori a kai ba, wai ni na ɗaure wa yaro gindi.

Ranar Lahadin da ta wuce ya ɗauke ni muka je kasuwar Pitowa. Lamba biyu tana shiga kamar wuƙa a kube, bayan mota ya daina ƙas-ƙas. Salansa ce kaɗai muka kasa shiryawa a kanta, ya ce, "Kawu, wannan kam ka bar mini." Na bar masa, amma na hana shi shigowa layinmu da ita bayan lisha. Akwatin Beljik ɗin kuwa yana nan a zaurena, lafiyarsa lau, duk mai 205 ta gazuwal da ke bukata ya neme ni ta ofishin wannan jarida, amma ya zo da makanikensa ya karanta lambar tukuna. Maganar lagireto sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu.